Abin da matar babanmu ta yi mini shi nake yi wa 'yar mijina: laifina ne ko ƙaddarata ce?

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 29, shekarata huɗu da aure. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara shida, na tashi a hannun matar babanmu. Na sha duka da muciya, na sha kwana da yunwa, an ɗora mini talla tun kafin in san ƙidayar kuɗi, kuma an sha yi mini gori da uwata da ke kabari. Babanmu ɗan kasuwa ne, ba ya wuni a gida, in na kai ƙara sai ya ce in yi haƙuri. Na sha rantsuwa a raina cewa duk ranar da Allah ya ba ni riƙon ɗan wani zan lallaɓa shi kamar ƙwai.

Sai ga shi na auri mutumin da matarsa ta rasu ta bar masa yarinya, yanzu shekararta takwas. Ni ma na haifi namiji, shekararsa biyu. Da farko muna zaune lafiya da ita, amma tun da na haihu na canja. Ko kofi ta fasa, ko ta yi fitsarin kwance, sai in ji wani abu ya taso mini tun daga ciki har wuya, in ban dake ta ba ba na samun sauƙi. Sau biyu na hana ta abincin dare. Makon jiya na ji bakina ya furta mata kalmar da ake jifana da ita ina ƙarama, da irin muryar matar babanmu sak, na shiga ɗaki na yi ta kuka. Idan maigidan yana nan ban taɓa ɗaga mata hannu ba, don haka bai sani ba, ita kuma ba ta faɗa. Na gaya wa gwaggona, ta ce hali zanen dutse ne, abin da aka shuka a jikina ne yake tsirowa, ƙaddarata ce, in yi ta addu'a. Anti, ki gaya mini gaskiya. Ina da laifi a wurin Allah alhali ban zaɓi gidan da na tashi ba? Kuma mace irina tana iya canjawa?

Daga wata baiwar Allah.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Kafin in taɓa tambayarki ina so in faɗa miki maganar da ya kamata a ce wani babba ya faɗa miki tun shekara ashirin da suka wuce: abin da aka yi miki zalunci ne. Yarinyar da ta rasa uwa tana da shekara shida rarrashi take bukata, sai aka haɗa mata maraici da muciya da yunwa, kuma mutumin da ya fi kowa iko ya tsawatar sai ya ce ta yi haƙuri. Ba ki jawo wa kanki ko ɗaya daga cikin wannan ba, ba ki kuma cancance shi ba. Na fara da nan ne domin sauran maganata tana da nauyi, kuma ba na son ki ɗauke ta a matsayin maganar wadda ba ta ga raunin da ke jikinki ba.

Gwaggonki ta faɗi rabin gaskiya. Tarbiyya tana shiga jiki fiye da yadda muke zato, domin yaro ba da nasiha yake koyo ba kamar yadda yake koyo da ido da kunne da fata. Addini ma bai yi musun wannan ba, tun da Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa kowane yaro ana haihuwarsa ne a kan fiɗira, iyayensa ne suke juya shi zuwa ga abin da suke kai. Idan har gida yana iya juya aƙidar mutum, to juya yadda yake fushi abu ne mai sauƙi. Ke kin tashi a gidan da amsar fashewar kofi ita ce duka, kin ga wannan sau ɗaruruwa a shekarun da ƙwaƙwalwa take ɗaukar komai kamar ɗanyen yumɓu, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan gajiya ta ci ƙarfinki jikinki ya koma ga darasin da ya fi haddacewa. Wannan abin da yake taso miki har wuya ba ke kika kira shi ba. Kuma a cikin Bukhari da Muslim ɗin akwai hadisin da ya ce Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata shi ba, ba su kuma furta shi ba. Don haka tasowar zafin, shi kansa, ba a rubuta miki shi zunubi ba.

Sai dai ki lura da inda hadisin ya ja layi: aikatawa da furtawa. A nan ne na rabu da gwaggonki, kuma hujjata daga wasiƙarki na ɗauko ta. Kin ce idan maigidan yana nan ba ki taɓa ɗaga wa yarinyar hannu ba. Na tabbata ta taɓa fasa wani abu yana zaune a tsakar gida, na kuma tabbata zafin nan ya taso miki a ranar kamar kullum, amma hannunki bai motsa ba. Haka kuma ba ki ambaci cewa kina yi wa ɗanki irin wannan ba, alhali yaro ɗan shekara biyu ya fi 'yar shekara takwas ɓarna nesa ba kusa ba. Ashe fushin naki yana da linzami, yana kuma sanin wanda zai faɗa wa da lokacin da zai faɗa masa. Abin da ya fi ƙarfin mutum da gaske, kamar farfaɗiya ko atishawa, ba ya duba ko akwai shaida a wurin. Sannan ga hana abincin dare, wanda ya fi damuna a duk wasiƙar. Mari yana iya kuɓucewa cikin ƙiftawar ido, amma hana abinci yana farawa ne tun magariba har yarinya ta yi barci, ana rabon tuwo a gabanta, ana wanke kwanuka, kuma a kowane minti na waɗannan sa'o'i kina da damar ki kira ta ki ce ta zo ta ci. Wannan zaɓi ne, ƙanwata, kuma kin yi shi sau biyu. Amsar tambayarki ta farko ita ce e, kina da alhakin abin da hannunki da bakinki suka yi wa yarinyar nan. Ina roƙonki kada ki ji wannan amsa kamar an yanke miki hukunci, domin a cikinta ne amsar tambayarki ta biyu take: wadda take iya riƙe hannunta saboda idon miji tana iya koyon riƙe shi ko ba kowa a gidan.

Maganar ƙaddara kuwa tsohuwar muhawara ce a cikin Musulmi. Tun ƙarni na biyu na Hijira aka sami masu cewa ɗan Adam ba shi da wani zaɓi, tilasta shi ake yi a kan duk abin da yake aikatawa, su ake kira Jabariyya, kuma malaman Sunna sun ƙi wannan ra'ayi kamar yadda suka ƙi ra'ayin masu kore ƙaddara gaba ɗaya. Matsayarsu ita ce Allah ya san komai, ya kuma rubuta komai, amma bawa yana aikata aikinsa ne da nufinsa da zaɓinsa, shi ya sa ake yi masa hisabi. Suratul Balad ta ce an nuna wa mutum hanyoyi biyu, Suratus Shamsi kuma ta ce an kimsa wa rai fajircinsa da taƙawarsa, wanda ya tsarkake shi ya rabauta. Labarin da ya fi fayyace mini wannan shi ne na Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham aka tare shi a wani wuri da ake kira Sarg da labarin annoba, ya yanke shawarar juyawa da mutane. Abu Ubaida ya ce masa, gudu za a yi daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce, muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ga ƙaddarar Allah. Sai ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora su, amma shi ne ya kora. Tashinki a hannun matar babanku ƙaddara ce da ta riga ta wuce, ba ki da hannu a cikinta. Abin da za ki yi gobe da asuba idan kika tarar da katifa a jiƙe shi ne kwarin mai gefe biyu.

Akwai wani ma'auni da nake so ki gwada a kanki. Matar babanku ma wani gida ne ya raine ta, kuma zai yi wuya a ce mace ta riƙa dukan marainiya da muciya ba tare da ita ma an taɓa karya wani abu a cikinta ba. Idan ta zo yau ta ce miki haka ta tashi, ƙaddararta ce, za ki yarda cewa babu haƙƙinki a kanta? Na san ba za ki yarda ba, kuma kina da gaskiya. Za ki iya tausaya mata, za ki iya fahimtar inda muguntar ta samo asali, amma yunwar da kika kwana da ita tana nan a wuyanta. To abin da ba ki karɓa daga gare ta ba, yarinyar nan ma ba za ta karɓa daga gare ki ba idan ta girma.

Karin maganar da gwaggo ta kawo, cewa hali zanen dutse ne, gaskiya ne Bahaushe ya yi shi, amma shi Bahaushen ne ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, domin ya sha ganin 'ya'yan da ba su ɗauko halin gidansu ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi wa masu cewa hali ba ya canjawa raddi da cewa da haka ne da wa'azi da nasiha da horo duk sun zama aikin banza, ya ƙara da cewa ai ko doki mai tutsu ana horar da shi ya bi linzami, ballantana mutum mai hankali. Bai ce za a tumɓuke fushi daga zuciya ba, cewa ya yi ana mayar da shi ne ƙarƙashin ikon hankali, kuma wasu sun fi wasu saurin karɓar gyara. Masu binciken halayyar ɗan Adam na zamani sun isa kusan wuri ɗaya. A 1987 wasu masana biyu a Jami'ar Yale ta Amurka, Joan Kaufman da Edward Zigler, sun duba binciken da aka yi a kan wannan batu suka ƙiyasta cewa wajen kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka azabtar suna yara ne suke azabtar da nasu 'ya'yan. Adadin yana da yawa, ya kuma ninka na sauran jama'a sau da yawa, wanda ke nuna tarbiyya tana da ƙarfi, amma yana nufin kusan biyu cikin uku ba su maimaita ba. A shekarar da ta biyo baya, 1988, wani binciken da aka yi a Minnesota ya duba matan da suka tsallake wannan tarko, ya tarar sun fi samun ɗaya daga abubuwa uku: wani babba da ya nuna musu ƙauna suna yara, ko zama da ƙwararre mai sauraron damuwa, ko miji mai kwanciyar hankali da yake tallafa musu. Abin da na fahimta a nan shi ne ba rantsuwa ce take fitar da mutum ba. Ke ma kin yi rantsuwar tun kina yarinya, da zuciya ɗaya kuwa, amma ta karye saboda ke kaɗai kike ɗauke da ita a ɓoye.

Ban ce nauyinki daidai yake da na macen da ta tashi a jikin uwarta cikin gata ba. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya ɗauka, kuma shi ya san cewa haƙurin da wata take yi ba tare da ta ji komai ba ke sai kin yi kokawa da kanki kafin ki same shi. Wannan yana rage zargin da ya kamata a yi miki, yana kuma ƙara ladan duk ranar da kika danne. Abin da bai rage ba shi ne haƙƙin yarinyar, domin zafin muciya ɗaya ne a jikinta ko wane irin tarihi mai dukan take da shi.

Yanzu ki dube ta. Shekararta takwas, uwarta tana kabari, tana fitsarin kwance, kuma ba ta gaya wa ubanta komai. Kin san wannan shirun, domin kin taɓa yin irinsa bayan da kika gane kai ƙara ba ya amfani. Fitsarin kwance ba ganganci ba ne, yaro yana barci yake yin sa, kuma tsoro da tashin hankali suna daga cikin abubuwan da suke ƙara shi, don haka dukan da kike yi domin ta daina yana iya zama shi ne yake hana ta dainawa. A fiƙihu maraya shi ne wanda ya rasa uba, amma duk wanda ya zauna a gidan Bahaushe ya san maraicin uwa ya fi fitowa a jikin yaro. Ki karanta Suratud Duha a hankali. Allah ya tuna wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya same shi maraya ya ba shi mafaka, sannan ya ce masa, saboda haka kada ka rinjayi maraya. Wanda ya ɗanɗani maraici shi aka fara yi wa wannan umarni, kuma a duk gidanku babu wanda ya san abin da yarinyar nan take ji kamar ke.

Daga daren yau ki cire abinci daga cikin horo gaba ɗaya, ko me ta yi. Ki kuma haramta wa kanki taɓa ta da hannu ko da wani abu, ko da ɗan ƙaramin duka ne da wasu suke kira gyara, domin ke a halin da kike ciki ba ki da ƙaramin duka, idan kika fara ba ke kike tsayar da shi ba. Idan zafin ya taso ki bar wurin nan take. Annabi ya koyar da mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta, kuma hikimar a fili take, jikin da yake zaune a ɗaki ba ya kai hannu tsakar gida. Ki lura da lokutan da abin ya fi zuwa miki, wataƙila da sassafe ne bayan ɗanki ya hana ki barci, ko da yamma ana tsakiyar girki, sai ki shirya musu tun kafin su zo. Maganar fitsari kuma ki saya mata ledar shimfiɗa, ki rage mata shan ruwa dab da kwanciya, ki sa ta zaga kafin ta kwanta, a kuma kai ta asibiti a duba ko akwai ciwon mafitsara. Idan aka rage wahalar wanki an rage rabin abin da yake tunzura ki.

Bayan haka ki nemi gafararta. Tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika da istigfari kaɗai, kuma ƙanƙantar mai haƙƙi ba ta soke haƙƙinsa. Ki zaunar da ita ki ce mata abin da kika yi ba daidai ba ne, ba laifinta ba ne, kuma kalmar nan da kika faɗa mata ƙarya ce. Kada ki ba ta labarin yarintarki domin ta tausaya miki, wannan kaya ne da ya fi ƙarfin wuyanta, kada kuma ki ce ta rufa miki asiri. Ki ma gaya mata cewa tana da izinin faɗa wa babanta duk abin da ya dame ta. Ba lallai ne ta sake da ke nan da nan ba, sai ta ga watanni sun wuce ba a taɓa ta ba.

Mataki mafi wuya shi ne ki gaya wa maigidan, kuma ina ganin ba makawa sai kin yi, domin ɓoyon nan shi ne inuwar da abin yake girma a ƙarƙashinta. Ba zan ruɗe ki ba, zai iya yin fushi mai tsanani, 'yarsa ce kuma amanar marigayiya ce a hannunsa. Amma ya ji daga bakinki kina neman gyara ya fi ya ji daga maƙwabta ko ya ga tabo a jikinta. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da abin da kika aikata kafin ki kawo tarihinki, domin kada ya ji kamar kina share fagen uzuri. Idan kina tsoron abin da zai biyo baya ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya zauna tare da ku. Shi ma yana da nasa kason, domin uban da 'yarsa ta kwana da yunwa sau biyu a gidansa bai sani ba ya kamata ya binciki kansa, kuma kin fi kowa sanin abin da rashin lurar uba yake jawowa. Ki roƙe shi ya riƙa cin abincin dare tare da ita, ya riƙa zama da ita su biyu yana tambayarta, ya kuma samo miki mai taya ki aiki ko da na 'yan sa'o'i ne a rana.

Tun da kin ce canjin ya fara ne bayan haihuwa, ina so ki ga likita. Wasu mata suna shiga ƙuncin zuciya bayan sun haihu, wanda yakan fito da siffar saurin fushi da yawan kuka da rashin barci, yana kuma iya daɗewa idan ba a kula da shi ba, musamman ga wadda take da tsohon rauni irin naki. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano a Kano ma suna da wannan sashe, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Addu'ar da gwaggo ta ce ki riƙe ta da kyau, ki haɗa ta da wannan.

Idan kuma kika yi duk wannan sai hannunki ya sake kuɓucewa, to yarinyar ba za ta zauna tana jiran warkewarki da jikinta ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan uwa ta rasu kakar yaro ta wajen uwa ita ce kan gaba a haƙƙin reno, sannan 'yar'uwar uwa. Idan suna raye kuma gidansu gidan kirki ne, ki ba maigidan shawara da bakinki cewa ta koma can na wani lokaci, yana ɗaukar nauyinta, tana zuwa muku hutu, ke kuma kina kai mata ziyara da ƙaninta. A yi wannan a fili domin kare ta, a kuma fahimtar da ita cewa ba korarta aka yi ba, kada a miƙa ta ga duk wanda ya buɗe hannu domin a rabu da ita.

Game da matar babanku da shi baban naku, ba zan matsa miki ki yafe yanzu ba, haƙƙinki ne, ki yafe lokacin da zuciyarki ta iya. Wanda nake so ki tuna da shi shi ne ɗanki, domin shekara biyu ta isa yaro ya fara ɗaukar darasi da ido, kuma yana tsakar gidan nan duk ranar da yayarsa take kuka. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya jiƙan mahaifiyarki da mahaifiyar yarinyar nan. Ki sake rubuto mini bayan kin yi magana da maigidan, ki gaya mini abin da ya ce, da abin da likita ya ce game da ke da ita.